Quartzsite: Garin Masu Kwana a Mota da Darasin Iskar Ɗaki

Tafiyarmu ta yau mai nisa ce, sai ki gyara zama. Za mu leƙa wani ɗan gari a jihar Arizona ta ƙasar Amurka mai suna Quartzsite, ana furta shi kamar Kwatsait. Yana cikin hamadar Sonora, kimanin kilomita 200 yamma da birnin Phoenix, kusa da iyakar Kaliforniya. Ƙidayar 2020 ta nuna mazaunansa na dindindin ba su kai 2,500 ba. Amma da sanyi ya kankama, musamman a watan Janairu lokacin kasuwar duwatsu masu daraja, sai dubun dubatar baƙi su sauka, kowa da gidansa a kan tayoyi.

Da za ki tsaya a bakin garin da hantsi, fili za ki gani fetal, tsakuwa da ƙayoyi, da wasu dogayen itatuwa marasa ganye masu kama da mutum ya ɗaga hannuwa sama, ga duwatsu can nesa. A maƙabartar garin akwai wani kabari da aka yi wa ginin dala da siffar raƙumi a ƙolinsa. Na Haji Ali ne, wanda Amurkawa suka juya sunansa zuwa Hi Jolly. Daga Gabas ta Tsakiya ya zo a 1856 don ya kula wa sojojin Amurka da raƙuma, kuma a nan ya rasu a 1902. Kin ga ashe garin ya daɗe da sanin matafiya.

Matafiyan yau kala-kala ne. Akwai masu hali da ke gudun ƙanƙarar arewa cikin manyan motoci masu falo da banɗaki. Akwai kuma tsofaffi, mata da yawa a cikinsu, waɗanda fansho ya gaza biya musu kuɗin haya, suka mayar da ƙaramar bas, wadda ba ta wuce irin tamu ta tasha ba, ta zama ɗaki da kicin gaba ɗaya. Gwamnati na ba su izinin zama a filinta daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Labarin irinsu ne fim ɗin Nomadland, wanda ya ci kyautar Oscar a 2021, kuma an ɗauki wani sashensa a nan.

Abin da nake so ki lura da shi yana kan rufin motocin. Kusan kowacce, kusa da farantin sola, tana da wani ɗan murfi a ɗage. Fanka ce a ƙarƙashinsa. Mai motar zai yanka rufin, murabba'i mai faɗin kusan santimita 36 ta kowane gefe, ya ɗora fanka mai aiki da batir. Yanka rufin mota mai lafiya ba ƙaramar kasada ba ce, to me ya sa suke yi tun kafin su haɗa gado?

Dalilin shi ne mota gwangwani ce. Ɗakin ƙasa yana numfashi ta azara da ƙarƙashin ƙofa, ita kuwa mota an ƙera ta da roba a bakin kowace ƙofa don kada komai ya shiga. Duk abin da aka fitar a ciki, a ciki yake zama.

Na farko danshi. Mutum ɗaya kan fitar da ruwa kofi guda ko fiye cikin dare ta numfashi da gumi. Ga girki: kowane kilo ɗaya na gas da ya ƙone yana sakin ruwa sama da lita ɗaya da rabi a cikin iska, ban da tururin tukunya. Daren Janairu a wannan hamada sanyi ne da shi, ƙarfen mota ya yi ƙarara, sai tururin ya koma raɓa a jikin gilashi da bango. Duk bushewar waje, za a wayi gari ruwa na ɗiga. Kwana a tashi ƙarƙashin katifa ya yi fumfuna, bayan katako ya yi tsatsa, mai asma ya shiga wahala. Shi ya sa suke ɗora katifa a kan jerin katakai masu tazara don iska ta ratsa ta ƙasa.

Na biyu shi ne mai kisa, wata iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Tana fitowa daga duk wutar da ba ta samu isasshiyar iska ba, ta gas ce, ta gawayi, ta kananzir ko ta injin mota. Ba ta da wari, ba ta da launi. Jini yana kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita ninki sama da 200. Takan fara da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, wanda ta riska cikin barci kuwa yakan wuce bai farka ba. Don haka masu lura a cikinsu ba sa kwana da murhun gas a kunne, suna kuma manna wata 'yar na'ura mai ƙara kusa da gado wadda ke ihu idan gubar ta taru. Na'urar ɗumama ɗaki da da yawansu suka fi aminta da ita ita ce mai bututun da ke fitar da hayaƙinta waje.

Sirrin aikin fankar ba wuya gare shi ba, iska tana son ƙofa biyu, ta shiga da ta fita. Iska mai zafi sama take tashi, don haka fankar rufi ke zuƙo ta waje. Amma in ba a buɗe wata kafa ba, fankar ƙugi kawai za ta yi. Sai a sassauta taga a ɗaya ƙarshen motar, nesa da fankar, a sa mata raga saboda sauro da ƙudaje. Sabuwar iska ta shigo ta nan, ta bi ta kan mai barci, ta fice ta sama. In taga da fanka suna dab da juna, iskar za ta yi gajeren zango ne ta bar sauran ɗakin a cushe. Wasu kuma sukan huda ƙasan akwatin da tukunyar gas ke ciki, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, ta ƙasa kuma zai fita.

Abu mafi wuya shi ne yin haka a daren sanyi, lokacin da zuciya ke cewa a toshe ko'ina. Tsofaffin hannu a wannan rayuwa sun gwammace su ƙara bargo da safa da hula su bar 'yar kafa a buɗe.

Idan bazara ta zo, Quartzsite sai ya watse kamar kasuwa bayan magariba. Zafi kan haura digiri 40, fanka kuma ba ta iya sanyaya ɗaki fiye da iskar waje. Sai su tayar da motoci su hau tuddai irin na Flagstaff, mai tsayin sama da mita 2,000. Sun san halin ƙarfe a rana. Zafin cikin motar da aka ajiye yana ƙaruwa da kusan digiri 11 cikin minti 10 kacal, kuma sassauta gilashi kaɗan ba ya hana hakan. Jikin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba ninki 3 zuwa 5. A Amurka ana rasa yara sama da 30 a yawancin shekaru ta wannan hanya.

Wataƙila ki ce ina ruwanki, ke da ba ki taɓa tunanin zama a mota ba. To tuna daren da bas ta tsaya da ku a hanya direba ya ce sai gari ya waye, aka ɗage gilasai saboda sauro ko tsoron ɓarayi, aka bar inji na aiki. Tuna kaskon gawayin da ake shigarwa ɗakin mai jego da hunturu a tura ƙofa, da janareton da ake ja cikin zaure ko baranda saboda ruwan sama. Duk gwangwani ɗaya ne. In kwana ya kama ku a mota, ki nemi a kashe inji, a sassauta tagogi biyu masu nisa da juna. Kasko a fitar da shi kafin a kwanta. Janareto a waje, nesa da taga. Idan kika ga mutanen ɗaki guda sun tashi da ciwon kai da jiri lokaci ɗaya, fitar da kowa fili nan take, ku nufi asibiti.

Sai kuma tsohuwar motar maigida da ke ajiye a ƙofar gida. Ki tabbatar a kulle take, makullin kuma ba inda hannun yaro zai kai. Ranar da aka nemi yaro aka rasa, a fara duba cikin motoci da but ɗinsu kafin a tafi cigiya gidan maƙwabta.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya sa mu gama lafiya.