Ziyara a Aro, inda aka kwance wa masu taɓin hankali mari

Duk ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram da ya saba bin hanyar Ikko ya san zangunanta kamar tafin hannunsa: Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, Kaduna, gadar Jabba bisa kogin Kwara, Ilori, har Badun. Amma kaɗan ne suke ratsewa daga Badun su yi yamma su ga Abekuta, babban birnin jahar Ogun tun shekarar 1976. Garin Yarabawan Egba ne, waɗanda suka kafa shi wajajen 1830 lokacin da yaƙe-yaƙe suka kore su suka sami mafaka gindin dutsen Olumo, kuma ma'anar sunan garin ke nan: ƙarƙashin dutse. Kogin Ogun ya ratsa shi, rufin kwanon tsofaffin unguwanninsa ya yi ja saboda tsatsa, matan kasuwar Itoku suna baje rinannen zane na shuni, sannan a Sabo Hausawa na nan da harkar goro da ta dabbobi. Tun 2021 sabon jirgin ƙasa na Ikko zuwa Badun yana tsayawa nan.

Abin da ya kai mu garin yana can bayan an ƙetare kogi, bisa tsohuwar hanyar Ikko: babbar likitar masu taɓin hankali ta Aro. Sunanta ya bazu a kudancin Najeriya har ya shiga bakin mutane, in an ce wane ya cancanci Aro, to, zagi ne. Mai shiga ƙofarta kuwa sai ya tarar da fili mai faɗi, da itatuwa masu inuwa, da dangin marasa lafiya riƙe da kwanonin abinci suna jiran lokacin ziyara, kamar dai kowace likita.

Domin a gane darajar wurin sai an koma baya. Zamanin Turawan Ingila, wanda hankalinsa ya gushe ya addabi jama'a, tsare shi ake yi. An buɗe gidan tsare irinsu a Yaba cikin Ikko a 1907, aka kuma mayar da wani tsohon gidan kaso na Lantoro, nan Abekuta, ya zama irin wannan gida a 1944. Mai shiga ba ya sa ran fita, danginsa ma sun yanke ƙauna. Ana nan sai Dakta Thomas Adeoye Lambo, haifaffen Abekuta na 1923, ya komo gida bayan ya yi karatun likita a Birmingham, ya kuma ƙware kan ciwon hankali a likitar Maudsley ta Landan. A 1954 aka damƙa masa Aro, ginin bai ko ƙare ba. Maimakon ya zauna jiran magina, sai ya je ya sami dattawan ƙauyukan da ke kewaye, ya roƙe su su ba marasa lafiya hayar ɗakuna cikin gidajensu.

Ga yadda rayuwar marar lafiya take a wancan tsari. Ba a karɓarsa shi kaɗai, dole ya zo da wani nasa, galibi uwa, ko inna, ko ƴar'uwa. Ita ce mai dafa masa irin abincin da ya saba, ita ce mai wanki, ita ce mai raka shi likita da safe a yi masa magani, da marece su komo masauki su kwana cikin mutane. Yana jin kukan zakara da dakan mata, yana ganin yara suna wasa, ba a raba shi da sallarsa ko addu'arsa ba. Ma'aikatan jinya suna kusa dare da rana saboda ko ta-kwana. Su kuma mutanen ƙauyen suna samun kuɗin haya, aka kawo masu ruwa mai tsabta da wasu gyare-gyare, har tsoron da suke yi da farko ya ragu. Lambo ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, bisa sa idonsa, domin ya lura marar lafiya ya fi sakin jiki da wanda ya san abin da yake tsoro. A lokacin kuma an fara samun ƙwayar Largactil, wadda likitocin Faransa suka soma gwadawa a birnin Paris a 1952, mai kwantar da wanda a da sai an ɗaure shi.

Babban abin da aka gani shi ne, wanda ya warke ba ya komawa gida kamar baƙo. Wadda ta yi jinyarsa ta ga yadda ciwon yake tashi da yadda yake kwanciya, ta san ƙa'idar magani, ta san alamun da in ta gani za ta maido shi da wuri. Labarin Aro ya kai ko'ina, har aka yi taron farko na likitocin hankali na Afirka a Abekuta a 1961. Shi Lambo ya shugabanci jami'ar Badun, daga baya ya zama mataimakin babban darektan ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, har 1988, ya rasu a 2004. A Dakar ma, Henri Collomb, wanda ya kama aiki a likitar Fann a 1959, ya bi hanya mai kama da wannan, ta shigar da dangi cikin jinya.

A yau birni ya haɗiye waɗancan ƙauyuka, tsarin saukar da marasa lafiya gidajen manoma ya zama tarihi, jinya ta koma cikin ɗakunan likita. Ciwon da ke kawo matasa da yawa shi ma ya sake kama. Tun 1983 Aro ta buɗe sashe na musamman domin masu shaye-shaye. Binciken da hukumar ONUDC ta yi tare da gwamnatin Najeriya, wanda aka bayyana a 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye cikin shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga ciki magungunan kashe zafin ciwo ne irin su tramol da ruwan kodin suke sha ba da umarnin likita ba. A 2018 hukumomin ƙasar suka hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Tramol dai ba baƙo ba ne gare mu. Wanda likita ke rubutawa bisa ordonansi mai awo 50 ne ko 100, wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa yana kai 200 ko 225. Ɗan kabu-kabu da lebura da ɗan dako suna sha wai don su jure wahala, in ya yi yawa sai ya kada mutum kamar mai farfaɗiya. Ranar da ya bari, nan jarrabawa take: ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa, rashin barci da ƙuncin rai na kwanaki. Shi ya sa a irin wannan sashe ake fara da wanke jiki daga ƙwaya bisa kulawar likita, sannan a shiga doguwar jinya ta makonni ko watanni, da zaman tattaunawa tsakanin masu fama da abu guda, da koyon sana'a, da kiran iyaye a ji ta bakinsu. Komawa ruwa bayan sallama abu ne da ke faruwa, kuma likitoci suna ɗaukarsa wani mataki na ciwon da ke bukatar a sake ɗaura ɗamara.

Wanda bai sami irin wannan kulawa ba, mun san inda yake ƙarewa. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a unguwar Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Iyayensu ne suka kai da yawa daga cikinsu, suna biyan kuɗi, da zaton gyara ake yi masu. Sai a farkon 2023 Najeriya ta sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawa.

Mu a Nijar, in an ambaci Pavillon E na babbar likitar Yamai, mutane sukan sunkuyar da kai, alhali ɗaki ne na jinya kamar na masu ciwon suga ko hawan jini. Alhajin da ɗansa ya fara sambatu yakan ɓoye shi cikin ƙuryar gida saboda kunya, a yi ta zagaya malamai da ƴan bori, jika bayan jika, sai jari ya taɓu ciwo ya yi nisa kafin a tuna da likita. Ma'aikacin gwamnati kuwa yakan yi shiru da nasa ciwon don tsoron kada a ji a sarwis. Addu'a da rubutun sha suna da wurinsu, Lambo ma bai kore su ba, amma bai yarda su tsaya a madadin magani ba.

Abin da Aro ta tabbatar tun 1954 bai fi ƙarfinmu ba, domin ginshiƙinsa dangi ne, kuma Allah bai rage mu da su ba. Kowane iyali na iya kai nasu likita tun ciwo na ɗanye, su tsayar da mutum ɗaya mai haƙuri da zai zauna da shi, su kiyaye kada a yanke magani don an ga sauƙi, su kuma ba shi abin yi in ya komo, ko tsaron shago ne. Ga hukumomi kuwa, kiranmu shi ne a ƙarfafa sassan jinyar hankali a likitocin jahohi, a wadata su da ma'aikata da magani, domin mutumin Tawa ko na Mirya ya sami kulawa kusa da danginsa. Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, shi tsare mana zuri'a, amin.