Zogala a kasuwar Manila

Manila ita ce babban birnin Filifin, can gabas da Indiya. A kasuwarta na zauna rumfar wata mai abinci. Tukwane a jere, ka nuna da yatsa a zuba maka. Amma ka tambaya tukuna, don naman alade ya yi yawa can.

Na nuna romon kaza, sunansa tinola. Akwai citta da ɗanyar gwanda ciki, da wani ganye. Ina kurɓa na gane shi: zogala ce! Su malungai suke ce mata. Mu a Maraɗi mukan dafa ta mu kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Su kuwa sai romo ya nuna suke zuba ganyen, su sauke yana kore shar. Suna ba mai jego shi, don nono ya zo.