Kilo 23 zuwa Bahar Maliya

Daren jajibirin tafiyata Masar na baje kayan nutso a kan tabarma, sikeli yana gefe. Hajiyarmu ta leƙo, ta daɗe tana kallon takalman iyo masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, sannan ta ce, "Yanzu kai duk faɗin ƙasar Allah bai ishe ka ba, sai ka bi kifi har gidansa?" Na ce, "Hajiya, addu'a dai za ki sa mini." Ta ce ta sa, amma fa sai na tafi da dambun naman da ta yi mini.

Kilo 23 tikitina ya ba ni, don haka kowane tarkace sai ya faɗi dalilinsa kafin ya shiga akwati. Tukunyar iska ba ta ma shigo lissafi ba. Ba a hawa jirgi da ita a cike, sai an juye iskar, an kwance bakinta yadda jami'i zai iya leƙa cikinta, kuma ko fanko ce ta cinye fiye da rabin kilon da aka ba ni. Ita da dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu don jiki ya nutse, duk a can ake hayarsu.

Takalman na jingina a gefe biyu na akwatin suka zama katanga. Falmaran ɗin da ake hura wa iska na matse shi tas, na shimfiɗa a ƙasa. Tabarau kuwa, da yake gilashi ne, na cusa shi cikin bakin takalmi ɗaya, na toshe da safa, na lulluɓe komai da rigar roba. 'Yar wuƙar yanke igiya ta bi akwati, don ba ta shiga jakar hannu. Dambun Hajiya ya samu lungu kusa da ita.

Abin da ban yarda ya rabu da ni ba shi ne na'urar shaƙar iska, wadda take zama huhun mutum a ƙarƙashin ruwa. Na naɗe tiyonta a hankali don kada ya lanƙwashe, na sa a jakar hannu tare da agogon nutso. Haka batiran tocila: na cire su, na liƙe bakinsu da salatif. Batirin litiyam da ba ya cikin na'ura doka ce ya zauna kusa da mai shi, saboda in ya kama da wuta a ɗakin kayan jirgi ba mai gani. Tocilar nutso kuma ruwa ne yake sanyaya ta, in ta kunnu a cikin tufafi sai ta yi zafin da zai iya ƙona su.

A wurin bincike na san za a tsayar da ni, don dunƙulen ƙarfe mai tiyo huɗu ba ya kyan gani a allon na'ura. Jami'in ya ɗaga ta sama ya ce, "Malam, wannan fa?" Na ce, "Yallaɓai, da ita nake numfashi a cikin teku." Ya dube ni, ya dubi fasfona, ya ce, "Bakano da teku? To, Allah ya fito da kai."

Daga Alƙahira na sake jirgi zuwa Sharm el-Sheikh, sannan mota ta bi da mu ta cikin jajayen duwatsu zuwa Dahab. Kwana shida ina cikin ruwa. Ranar da ba zan manta ba ita ce ta Thistlegorm, jirgin ruwan Ingila da Jamusawa suka nutsar a 1941. Yana kwance a zurfin kusan mita 30, baburan soja na jere a cikinsa har yau, kifaye na ratsa tsakanin tayoyinsu.

Na so in rufe tafiyar da hawan Dutsen Ɗuri Sina, tunda ga shi kusa. Malamin nutsonmu ya ce sam. Iskar naitirojin da jiki ya sha a zurfi tana nan narke cikin jini, in mutum ya yi sama da wuri sai ta taso da kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe da gaggawa, ta kama gaɓoɓi, wani lokaci har laka. Dutsen ya kai mita 2,285, matsin iskar samansa kusan daidai yake da na cikin jirgin sama. Ƙa'idar ita ce wanda ya jera kwanaki yana nutso ya jira aƙalla awa 18 kafin ya tashi. Ni dai na ba jikina awa 24 cif kafin in hau jirgin komawa, na haƙura da dutsen, ko da yake abin ya tsaya mini a rai.

Wunin nan na yi shi ne a saman soro ina ɗauraye gishiri da ruwan daɗi, ina juya rigar roba ciki da bai. Ba ta bushe sosai ba, kuma jiƙaƙƙen kaya nauyi gare shi. Da na ɗora akwatin a sikelin filin jirgi gabana na faɗuwa, sai lamba ta tsaya a 22.8. Dambun Hajiya ne ya ba da wuri, don tun kwana na uku muka cinye shi da abokan nutso a cikin kwalekwale.