Faya-fayan Mahaifina

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa riƙe faifan garmaho a hannunka? Wataƙila ba ka taɓa ba, domin a zamaninka waƙa a cikin waya take. Faifan garmaho baƙi ne, kewayayye, kamar faifan kaba da ake rufe ƙwarya da shi. A fuskarsa akwai siririn layi wanda ya kewaya tun daga baki har zuwa kusa da tsakiya. A cikin layin nan sauti yake kwance. Allura ce take bin sa, sai murya ta fito.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini akwati guda na faya-fayai. Akwai na Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos. Akwai kuma na I. K. Dairo da na Rex Lawson, waɗanda ya saya sa'ad da yake aikin jirgin ƙasa a Kudu. Manyan suna juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya, irin waɗanda kamfanin Columbia ya fara fitarwa a Amurka a 1948. Ƙananan kuwa sau 45 suke juyawa.

Bari in gaya maka kuskuren da na yi. Wata bazara na jibge su a kwance a saman kabad, dab da rufin kwano, har na ɗora musu littattafai. Da damina ta faɗi na sauko da su, sai na tarar faifan Shata ya lanƙwashe. Shi ne wanda mahaifina yake sakawa kowace Juma'a bayan ya dawo daga masallaci. Na aza allura, ta yi ta tsalle, muryar tana yankewa. Ran nan ban iya cin abincin dare ba.

Tun daga lokacin a tsaye nake jera su, kamar littattafai a kan kanta, a ɗaki mai sanyi inda rana ba ta shiga. Zafi yana tausasa robar da aka yi su da ita, nauyi kuma ya ƙarasa ɓarnar. Idan hunturu ya zo da ƙura, nakan share kowane faifai da ƙyalle mai laushi, ina bin layin a kewaye. Kada ka taɓa fuskarsa da yatsu, domin maiƙon hannu yana kama ƙura. Riƙe shi ta gefe. Da damina kuma sai a kula da laima, don kwalin yakan yi fumfuna, gara ma ba ta raina takarda.

Faifan Shata yana nan, ban jefar da shi ba. Waƙar da ke kusa da tsakiya ba ta lalace ba, ita nake sakawa ranar Juma'a.