Ɗaki mai taya da injin wutarsa

A ƙasar Amurka akwai masu ɗaki mai taya. Ana ɗaura shi a bayan mota, a ja shi zuwa daji ko bakin tabki, iyali su kwana biyu su huta. A ciki akwai gado, da murhu, da firiji, da injin sanyaya ɗaki. Makiyayi ba zai yi mamaki ba, shi ma gidansa tafiya yake yi. Amma wannan gida yana cin wutar lantarki, daji kuwa babu wayar wuta. Dole mai ɗakin ya nemi ƙaramin injin wuta, wanda ake kira gurup.

Wani dattijo a can ya tashi sayen nasa. Kafin ya tambayi kuɗi, sai ya zauna ya ƙidaya abin da zai kunna. Ƙarfin wuta da wat ake auna shi. Fitila da rediyo ba su cin komi. Injin sanyi shi ne mai haɗama: wajen tashi yana neman wat kusan 3000, in ya kama aiki sai ya sauko wajen rabi. Haka amalanke take, jan farko ya fi ba jaki wuya.

Akwai ƙaramin Honda mai wat 2200, nauyinsa kilo 21, mutum guda yana ɗaukarsa. Ya so shi ƙwarai, amma ƙarfinsa ya gaza, sai dai a haɗa biyu da waya.

Sai maganar mai, nan ya fi daɗewa. Injin gazuwal yana da ƙarko, amma ga nauyi, ga ƙara. Esansi yana ko'ina, kuma yana ba da ƙarfi sosai. Aibinsa guda ne, ba ya son ajiya. In ya yi ƴan watanni cikin tanki sai ya lalace, ya yi danƙo, ya toshe karburata. Masu injin ban ruwa sun san wannan ciwo, in rani ya zo inji ya ƙi tashi. To, ɗakin dattijon kwana kaɗan yake fita a shekara, sauran duk a ajiye yake. Gaz na butali kuwa ba ya lalacewa ko ya shekara, kuma dama da shi ake girki a ɗakin. Yana rage ƙarfin inji kamar kashi 10 cikin 100. Dattijon ya ga wannan ragi ya fi masa sauƙi da tsayawa cikin daji yana jan igiya a banza. Ya ɗauki mai wat 3500 da ke cin esansi da gaz duka biyu, ko da yake ɗaga shi sai mutum biyu.

Ya duba ƙara kuma, don a gandun dajin gwamnati akwai doka a kanta, kuma a yawancin zangon da dare ana kashe inji, maƙwabta su yi barci.

Abin da bai yi wasa da shi ba shi ne hayaƙi. Esansi ko gaz, duka suna fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba a ganinta. Tana kashe mutum cikin barci. Saboda haka ya sayi doguwar waya, yana ajiye injin a fili, mita 6 ko fiye daga ɗaki, bakin hayaƙin yana kallon daji.