Ɗaki Guda a Yerwa

Mu mazauna Maiduguri mun daɗe da sanin cewa kuɗin haya ne ke zaɓa wa mutum unguwa, ba son ransa ba. Tun daga 2014, lokacin da rikicin Boko Haram ya koro jama'ar Bama da Gwoza suka kwararo cikin birni, ɗaki ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Gidan da aka gina domin iyali guda, sai ga iyalai da dama sun raba shi, kowa da murhunsa a tsakar gida.

Mai lissafi zai ce tsada za ta tura talaka bayan gari, amma ina! Ɗan dako da mai tallar goro abincinsu yana Kasuwar Monday. In suka yi nisa da ita, abin da suka rage a haya sai ya tafi a kuɗin Keke Napep. Don haka suka gwammace cunkoso a unguwanni irin su Gwange, daura da kogin Ngadda, inda ɗaki ke da ɗan sauƙi.

A watan Satumba na 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, muka ga ainihin farashin wannan sauƙi. Ruwa ya shanye Gwange da Fori, ya shiga kasuwar da gobara ta cinye a 2023. Magabata sun ce gida biyu maganin gobara. To, ina ga bawan Allah da ɗaki guda ma ya gagare shi?