Lissafin Da Ke Neman Ruwa A Ƙarƙashin Dutse



Sunan Rano ya zaga Arewa a allunan gidajen man A.A. Rano, amma ƙasarmu ta Rano da Kibiya ba ta fetur ba ce. Tsohon dutse ne a ƙarƙashinmu, irin wanda ya yi tsiri a Rurum. Shi kuwa mai yana kwanciya ne inda laka da yashi suka taru tsawon miliyoyin shekaru, kamar Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe, inda NNPC ta sanar da gano shi a 2019. Mu ruwa muke nema, kuma a wajenmu ba shimfiɗe yake ko'ina ba. Yana maƙalewa ne cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa.

Na ga illar rashin sanin haka a ƙauyen kakannina. An yi karo-karo bayan kaka, har mata suka sayar da awaki, aka kira mai haƙa burtsatse. Ba a yi awo ba, an dai nuna masa gindin tsamiya. Kwana biyu injin yana aman farar ƙura, kuɗi suka ƙare, yara suka koma jan jarka.

Awon da aka tsallake ba tsafi ba ne. Ana kafa sandunan ƙarfe huɗu a jere, a tura lantarki cikin ƙasa, a auna yadda take hana shi wucewa. Busasshen dutse yana tare shi, jiƙaƙƙe yana ba shi hanya. Sai a zuba alƙaluman a kwamfuta. Manhajar za ta yi hasashen hawa-hawan ƙasar, ta lissafa abin da ya kamata na'urar ta nuna in hasashen daidai ne, ta gwada da abin da aka auna, ta gyara, ta sake, har su zo kusa. Masu neman mai ma haka suke yi, sai dai su amon girgiza suke aikawa, kuma lissafinsu sai manyan kwamfutoci.

Kwamfuta ba ta ganin ruwa da ido. Yumɓu ma yana barin lantarki ya wuce, don haka yakan yaudari wanda bai san ƙasar ba. Awo yana rage caca ne, samu kuwa na Allah ne.

Abin da ke damuna shi ne rahoton awon da Turanci yake zuwa, dattijon da ke riƙe da kuɗin jama'a kuwa ba ya karanta shi. Wannan aikinmu ne. Cikinmu wa zai zauna da ɗalibin ilimin duwatsu, ya fito da bayanin a shafi ɗaya na Hausa? Ko tambaya uku dattijo ya samu sun isa: An yi awo? Mita nawa za a haƙa kafin a kai jiƙaƙƙen dutse? In ba a samu ruwa ba, wa zai ɗauki asarar?

Allah Ya sa mu dace.